Turmin da Na Hana Yaya Kulu

Kai mai jar hula, na ji abin da ka ce, kada ka ɗauka kunnena ya tsufa tare da ni. Wai turmi rami ne a cikin icce, kowa na iyawa. To madalla. Ga gizago nan, ga gungume, bisimilla. A'a, ɗauka mana! Ka gani? Ko riƙonsa ba ka iya ba, ka kama shi kamar ludayi. Aje min kayana tun ba ka sare ƙafarka ba, uwarka ta zo ta ɗora min laifi. Ku gyara zama. Tunda an turo ku koyon sana'a, ku ji ta daga tushe. Sunana Bawa, kuma tun ban fara gemu ba nike sassaƙa a wannan yanki, daga Sanyinna zuwa Tambuwal, daga Tambuwal zuwa ƙauyukan Kebbe.

Turmin farko da na sassaƙa, a gidan Baba Mani ne, maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina masa wasa gatari da kwashe ɓawo kafin ya yarda in taɓa gungume. Ran da ya ba ni, na zage, na ƙwaƙule ciki sumul, na goge baki, na kawo masa ina taƙama. Ya kira 'yarsa Kulu, wadda ta girme ni da kaɗan, ya ce ta zuba gero ta surfa. Tana saukar da taɓarya, gero ya yi tsalle ya watsu a tsakar gida, kaji sunka taso. Kulu ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba Mani ya ce, "Bawa, akushi ka yi muna ko turmi?" Sannan ya kama hannuna ya tura cikin wani tsohon turmi nasa, ya ce in shafa tun daga baki har gindi. A nan na ji yadda ciki yake tsukewa a hankali, yadda hatsi in an doke shi yake hawa bango ya komo ƙarƙashin taɓarya da kansa. Wannan tsukewar ita ce aikin, kuma ba a auna ta da igiya, hannu ne yake saninta.

Icce kuma ba kowanne ba. Ƙirya ce uwar turmi, ita ce ke cinye taɓarya goma tana nan. In babu, a yi da kaɗe ko maɗaci. Gawo kuwa kada in ji wani cikinku ya kusance shi, taushi gare shi, damina biyu ya huje, matar da ta saya ta bi ka da baki har kasuwa. Ana sara bayan kaka, a mirgina gungumen inuwa, a shafe kawunansa da laka don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Sai ka haƙura. Mai gaggawa ba ya turmi, ya je ya yi muciya. Gatari na fidda siffa, babban gizago na gyara jiki, ƙarami mai lanƙwasasshen baki shi ke shiga ciki. Gindi ka bar masa kauri, don nan ne duk dukan duniya yake sauka. In ka gama ka shafe shi da man kaɗe, ka ce wa mai shi ta fara daka dusa a ciki kafin ta zuba abin da za a ci.

Masu sayen kayanmu mata ne, ko da namiji ne ya zo ɗauka. Uwar amarya takan zo da ƙawarta, su zagaye turmi, su ƙwanƙwasa da bayan yatsa, su kara kunne. Fulani masu fura sun fi kowa tsanani, su sai sun sa taɓarya sun gwada. Kuma mace ba ta ɗaukar taɓaryar da ba ta yi daidai da damtsenta ba, ko kyauta ka ba ta. Da haka kunnena ya saba. In na ratsa ƙauye da hantsi, ba sai na leƙa gida ba, na san nan surfe ake, can ribɗi, can kuma daddawa ce ake kirɓawa. Ba ni kaɗai ba, kowa a ƙauye yana jin wannan. Gidan da daka ke tashi, an san tukunya za ta hau wuta. Gidan da ya yi tsit da hantsi, maƙwabta sun fara duban juna.

To bari in ba ku labarin muguwar shekarar, don ita ce ta koya min abin da Baba Mani bai koya min ba.

Ku da kuke yara, in an ce yunwa sai ku ɗauka fari ne ko fara. Wallahi a shekarar nan ruwa ya yi, dawa ta yi kai har tana sunkuyawa. Na gani da idona. Amma 'yan bindiga sun tare daji, sun ce ba mai girbi sai da izininsu, wanda ya yi gardama ba a sake ganinsa ba. Mutanen ƙauyukan da ke bakin daji sunka taso da abin da ke jikinsu, sunka bar rumbuna cike. Masu mulki kuma, wai don a matse ɓarayin, sai anka rufe kasuwannin mako, anka hana sayar da mai a jarka, anka taƙaita hawan babur, anka kashe layin waya. Ban ce ba su da dalili ba. Amma ɓarawo yana da shanun da ya sata da rumbun da ya ƙwace, shi bai kwana da yunwa ba. Mu ne injin niƙa ya tsaya muna don ba mai. Mu ne mai akuya ya rasa inda zai kai ta ya samo hatsi. Abinci yana nan cikin ƙasa, a gona, a rumbu, a sito, hanyar da ke tsakaninsa da bakin mutum ce anka toshe ta kowane gefe. Ni kaina an hana shiga daji sarar icce, sai na koma gyaran tsofaffi.

Masu agaji sun zo, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, mutanen kirki ne. Sun fara da waɗanda sunka sauka a makarantar firamare, don su ne ido ke gani. Sannan sunka gane akwai wasu da yawa da 'yan'uwa sunka ɗauke cikin gidaje, waɗanda sunka cinye abincin masu gidan har da irin shuka. Sai sunka ce wa mai unguwarmu ya nuna musu gidajen da yunwa ta shiga, za a kawo dawa a mota. Mai unguwa dattijo ne mai kunya. Ya ce shi ba zai tsaya ƙofar magidanci ya tambaye shi ko ya ci abinci ba, wannan tozartawa ce. Sai ya ɗauki dabara. Kullum da hantsi yakan ratsa unguwa da sandarsa kamar mai gaisuwa, yana saurare. Gidan da ya ji daka ya wuce, gidan da ya ji shiru ya riƙe sunansa a ka. Kowa ya yaba masa, ni ma na yaba.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar anka mirgino min turmi har ƙofar gida. Na gane shi tun daga nesa, ƙirya ce, aikin Baba Mani, wanda ya yi wa Kulu da za ta gidan miji. A lokacin mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gida, kuma ƙanen mijin ya gudo da iyalinsa daga ƙauyensu sun sauka wurinta. Cikinsu akwai wata yarinya Rabi, matar ɗansa, da jinjira a baya. Yaya Kulu ta biyo turmin da mayafinta, ta ce, "Bawa, ya tsage. Ka ɗaure min shi, gobe da sassafe nika son abina."

Na ce, "To, Yaya." Ta juya ta tafi.

Na kwantar da shi na leƙa. Ƙirya ba ta tsagewa haka kawai, balle ta Baba Mani. Gindin ciki ya yi sheƙi, ya daddauje, tsagar ta fito daga tsakiya ta yi rassa. Hatsi shi ke tare dukan taɓarya, shi ya sa turmin da ke aiki cikinsa yake laushi da gari. Wannan kuwa icce ne ya yi ta dukan icce. Na sa tsinke cikin tsagar don in share ta, sai ga ƙaiƙayi, sai ga zaren tsumma. Innalillahi. Na zauna a ƙasa. Tsumma take ninkewa ta sa a gindi, ta watsa ƙaiƙayi a kai, don ƙarar ta yi nauyi kamar ta mai surfe. Kullum da hantsi mai unguwa yana wucewa ta ƙofarta yana jin daka, yana cewa alhamdulillahi gidan Kulu da sauran albarka.

Na aiki matata ta je gidan kamar barka da yamma. Ta dawo idonta ja. Ta ce tafasa da rama suke dafawa ba gari, manya suna jurewa, amma nonon Rabi ya ɗauke, jinjirar ta koma ƙashi da fata, kukanta ma ba ya fita sosai. Mun ɗebi abin da za mu iya daga ɗan geron da ya rage muna, matata ta kai. Yaya Kulu ta karɓa ta yi godiya, washegari ta aiko da kwanon da busasshiyar kuɓewa a ciki, da saƙon cewa kada mu ƙara wahalar da kanmu, su lafiya lau suke. Mu ma ɗin ba mu da na ƙarawa.

Gyaran irin wannan turmi aikin yini ɗaya ne. A share tsaga, a fere siririn icce a cusa, a kai wa maƙeri ya zagaye shi da langa-langa ya ɗaure tamau. Na yi duk wannan kafin rana ta faɗi washegari. Sannan na mirgina shi ɗakin kayan aiki na rufe da tabarma.

Ku ji lissafin da na yi. In na je na faɗa wa mai unguwa, na tona asirin 'yar maigidana da bakina, kuma na san halinta, za ta fito ta ƙaryata ni a gaban jama'a, ta ce tana da abinci, a wuce gidanta. In na mayar mata da turmi, ta ci gaba da dakan tsumma har jinjirar ta mutu. Amma in turmi bai koma ba, ba wanda ya ce komai. Ba za ta iya aron na maƙwabta ba, don turmi ba a cika fidda shi daga gida ba, sai dai ki zo da hatsinki ki daka a nan, ita kuwa ba ta da abin zuwa da shi. Gidanta zai yi shiru, mai unguwa yana da kunne.

Ta aiko, na ce maƙeri bai gama ba. Ta sake aikowa, na ce iccen da na cusa bai kama ba. Sai ga ta da kanta, da rana tsaka, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Bawa, ni za ka yi wa wagga? A gidan sassaƙa anka haife ni. Tun kana kwasar ɓawo na san kwana nawa ɗaurin turmi ke ci. Fito min da abina."

Na ce, "Yaya, ki zauna."

"Ban zama. Mi na yi maka?"

Na ce, "Ba ki yi min komai ba. Na ga tsumman."

Ta dubi ƙofa ko akwai mai ji. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Tunda anka kai ni gidan nan ba a taɓa jin shi shiru da hantsi ba. Ran da mai gidan ya rasu ma maƙwabta sun daka a cikinsa. Yanzu kai, yaron babana, kai ne za ka sa a nuna ƙofata da baki? A ce Kulu ta karɓi baƙi ta kasa ci da su?"

Na ce, "Yaya, ba ke kinka kasa ba. Ke kinka rufe kasuwa? Ke kinka tare daji? Ɗiyar Rabi tana mutuwa. Ban ba ki turmin nan sai ran da akwai abin zubawa a ciki."

Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ta fita. Maganar ta soke ni ƙwarai, don ban taɓa jin ta daga bakin wani na gidan Baba Mani ba. Amma ban ba ta ba, kuma ko yau aka maimaita, haka zan yi.

Dabarar ta ci. Ba a daɗe ba mai unguwa ya tsaya a ƙofar Yaya Kulu da hantsi, ya jingina da sandarsa, ya daɗe, sannan ya wuce kansa a sunkuye. Ya kai sunan gidan. Motar dawa kuma ta iso, mun ga shigowarta, yara sunka bi ta da gudu. Anka sauke buhuna a wani sito a bakin gari, anka sa kwado. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ashe ba a gama ba. Masu agaji sun miƙa kayan ga hukuma kamar yadda dokar aikinsu ta ce, rabo kuma sai wani babban mutum ya zo ya buɗe da hannunsa. Zaɓe ya matso. Ɓangare guda sun ce a hannunsu za a raba, ɗaya ɓangaren sun ce ba su yarda ba, ai za a ce kyautar abokan hamayyarsu ce. Yau a ce yana zuwa ran Laraba, gobe a ce ya wuce wani taro. Aka yi rumfa aka kwance, aka sake yi. Wata ma'aikaciyar agajin, yarinya ce ƙarama, na gan ta a ƙofar siton tana magana da mai makulli har tana kuka. Shi ma ya rantse mata ba shi da iko, in ya buɗe aikinsa ya tafi. Mai unguwa ya je ya roƙa a fidda ko na masu jego da tsofaffi, anka ce masa, "Baba, a ƙara haƙuri." Haƙuri! Ana jin ƙanshin dawa ta ƙarƙashin ƙofa, ɓeraye na ci, mutane na tsaye a waje.

An ce a asibitin Tambuwal akwai wani abinci mai gyaɗa a 'yar leda da ake ba yaran da sunka rame haka. Ba babur, ba waya da za a kira a tambaya. Mijin Rabi ya samo amalanken shanu da ƙyar, sunka kama hanya da jinjirar. Ba su kai rabin tafiya ba sunka juyo. Mun yi mata sutura bayan azahar. Ni na haƙa, kuma ban taɓa haƙa rami ƙarami kamar wannan ba, na yi ta jin haushi a ƙirjina.

Babban mutumin ya zo a makon da ya biyo. Motoci, masu ɗaukar hoto, mai kirari da lasifika. Ya ɗaga buhu guda da taimakon mutum biyu, ya miƙa wa wata tsohuwa, anka tafa. Ya ce a mulkinsu ba wanda zai kwana da yunwa. Ina tsaye a bayan taron. Ban tafa ba, ban kuma yi magana ba, don in na buɗe baki a ranar, da a ɗaure na kwana.

Gidan Yaya Kulu ya samu rabonsa, dawa tsaba, ba niƙa. Injin gari har lokacin bai tashi ba. Da yamma na fito da turmin, na kakkaɓe shi, na shafe da ɗan man kaɗen da ya rage, na ɗora a kafaɗa. Na yi sallama a ƙofarta, anka ce in shigo. Tabarmin zaman makoki ba a gama naɗe su ba. Rabi tana zaune a bakin ɗaki, zanen goyonta a kan cinya, tana ta ninke shi tana warwarewa. Sauran yaran sun zagaye buhun sun zuba masa ido.

Na sauke turmin a tsakar gida. Yaya Kulu ta taso, ta rame har na tsorata. Ta tura hannu ciki ta shafa tun daga baki har gindi, ta bi ɗaurin da yatsa. Ta ce, "Gyaran ya yi."

Na ce, "Yaya, ki yafe min ɓacin ran da na sa ki. Allah ya ba mu haƙuri."

Ta ce, "Na janye Allah ya isan da na yi maka. Ba kai ka riƙe makulli ba." Ta kwance bakin buhu, ta ɗebo dawa da ƙwarya ta zuba, ta yayyafa ruwa. Ta ɗauki taɓarya, sai ta tsaya da ita a hannu, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Abu guda ne ba ka sani ba, Bawa. Ba don maƙwabta kaɗai nika dakan nan ba. In na goya ɗiyar Rabi a bayana ina daka, shi ne kaɗai lokacin da take samun barci. Tun ran da turmin ya bar gidanga ba ta ƙara runtsawa ba, sai ran da ta tafi."

Sannan ta ce wa yaran su matsa baya, ta fara surfe.